Ba murya ce ta kawo ƙarshen Mary Pickford ba

Tambaya: Malam, na ci karo da hoton wata tsohuwar jarumar finafinan Amurka mai suna Mary Pickford, an rubuta wai a zamaninta babu macen da ta kai ta suna a duniya. Wace ce ita? Kuma gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa jaruman finafinan da ba a magana a cikinsu sun ɓace ne saboda muryoyinsu ba daɗi lokacin da sauti ya shigo?

Amsa: Malama, bari in fara da tambayarki ta biyu. A kan Pickford dai wannan magana ba ta da tushe. Mace ce da ta yi shekara kusan goma tana wasa a dandamali, inda murya ce jarin ɗan wasa, tun kafin ta tsaya gaban kyamara. Fim ɗinta na farko mai magana ya ci kasuwa, har ya kawo mata kyautar Oscar. Abin da ya kawo ƙarshen wasanta wani abu ne daban, kuma ba za ki gane shi ba sai mun bi yadda ta tashi.

An haife ta ranar 8 ga Afrilu 1892 a birnin Toronto na ƙasar Kanada, sunanta na yanka Gladys Louise Smith. Mahaifinta ya rasu a 1898, ya bar wa uwarta Charlotte yara uku: ita, da Lottie, da Jack. Gidan ya koma hannu baka hannu ƙwarya. Uwar tana ɗinki, tana ba da hayar ɗakuna, kuma ta wannan hanya aka yi mata tayin saka yaran a wasan kwaikwayo. Gladys ba ta kai shekara 8 ba ta hau dandamali. Daga nan rayuwar ta zama ta jirgin ƙasa da masaukai masu arha, yau wannan gari gobe wancan. Makaranta kuwa ɗan abin da ta yi bai taka kara ya karya ba. Tun tana ƙarama ita ce mai ciyar da gidan. Ki riƙe wannan, domin tsoron talauci bai taɓa sakinta ba ko bayan ta zama attajira, kuma shi ne ya mai da ita mai ciniki da ba a iya yi wa wayo.

A 1907 ta samu shiga wasan David Belasco, wani babban mai shirya wasannin dandamali a New York, shi ne kuma ya raɗa mata suna Mary Pickford. Da wasan ya ƙare aiki ya yanke, sai a watan Afrilun 1909 ta je neman aiki kamfanin fim na Biograph. A lokacin ɗan wasan dandamali kallon fim yake a matsayin faɗuwa, sana'ar wanda ya rasa abin yi. Daraktan kamfanin, D. W. Griffith, ya gwada ta ya ɗauke ta. Abin da ake biyan 'yan wasa dala 5 ne a yini. Yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya kai da fata sai da aka yanka mata dala 10 a yini, da alkawarin ba za ta samu ƙasa da dala 40 a mako ba. Finafinan lokacin gajeru ne, minti 10 zuwa 15, don haka a shekarar 1909 kaɗai ta fito a guda 51. Ta yi 'yar aiki, ta yi uwa, ta yi matar aure, ta yi duk abin da aka miƙo mata.

Biograph ba ya rubuta sunayen 'yan wasa a fim. Dabara ce: wanda ba a san sunansa ba ba zai nemi ƙarin kuɗi ba. Amma 'yan kallo ba makafi ba ne. Suka fara tambayar masu silima yaushe za a sake kawo fim ɗin yarinyar nan mai dogon gashi mai nannaɗe, masu silima kuma suka fara tallata ta da haka a ƙofa. Ita ma ta lura, kuma daga nan ta fahimci cewa fuskarta ce ke sayar da tikiti.

Kafin in ci gaba, akwai abin da ya kamata a gyara game da finafinan nan, domin yawancin masu kallonsu yau suna ganin gurɓataccen kwafi ne su yanke hukunci. Ba kasafai ake kallonsu shiru ba. Ƙaramar silima tana da mai kaɗa fiyano, manyan kuwa ƙungiyar makaɗa sukutum. Maganar da ta zama dole ana rubuta ta a allo tsakanin fitowa da fitowa. Dattawanmu da suka riski majigin zamanin Turawa sun ga wani salo na wannan, inda hoto ke tafiya wani na gefe yana bayani da lasifika. Sannan wannan tafiyar sauri-sauri mai ban dariya da kike gani a tsofaffin finafinai ba haka aka yi su ba. Da hannu ake juya kyamarar, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa, to in aka saka su a na'urar zamani mai gudun hoto 24, dole mutane su yi kamar ana korarsu.

A irin wannan fim jiki da fuska su ne harshe. 'Yan wasan da suka zo daga dandamali sun saba da manyan motsi, dafe ƙirji, ɗaga hannu sama, zare ido, don na kujerar baya ya gani. Pickford tana cikin na farko da suka gane cewa kyamara ba ta buƙatar wannan. Ɗan cije leɓe, ko yadda za ta ja ƙafa ɗaya ta ɓoye bayan ɗaya, ya isa. Shi ya sa in kin kalle ta tare da abokan wasanta na 1910 za ki ga kamar ita daga wani zamani ta zo.

Yanzu ga inda, a ganina, girmanta yake. A 1913 ta koma kamfanin Adolph Zukor, Famous Players, wanda daga baya ya zama Paramount, a kan dala 500 a mako. Fim ɗin Tess of the Storm Country na 1914 ya kai ta ƙololuwa. Duk lokacin da kwantiragi ya ƙare, ita da uwarta sai su zauna da Zukor da alƙaluman abin da finafinanta suka kawo. Albashin ya koma 1,000, ya koma 2,000. A watan Yunin 1916 ta sa hannu a yarjejeniyar da ta girgiza masana'antar: dala 10,000 a mako, rabin ribar finafinanta, da tabbacin samun sama da dala miliyan 1 cikin shekara biyu, tare da kamfani mai sunanta da damar sa baki a zaɓen labari da darakta. Don ki auna, a 1914 da kamfanin motoci na Ford ya ce zai biya leburori dala 5 a yini, sai da jaridu suka yi ta yayatawa a matsayin abin mamaki. Ita kuwa shekararta 24.

Kuɗin ba shi ne kawai abin da take faɗa a kai ba. Kamfanoni suna da wata dabara: mai silima ba zai samu fim ɗin Pickford ba sai ya yarda ya ɗauki tarin wasu finafinan kamfanin, masu kyau da na banza, a dunƙule. Wato sunanta ne ke jan kayan wasu, ribar kuma ta shige aljihun kamfani. Wanda ya san yadda harkar fim ɗin Hausa ta kasance zamanin kaset da faifan CD, lokacin da furodusa zai gama wahalarsa ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su yanka masa farashi, ya san cewa mai riƙe da hanyar rarrabawa shi ne mai fim na gaskiya. Pickford ta gane haka da wuri. Ta bar Zukor a 1918 ta koma kamfanin First National inda aka sakar mata ragamar finafinanta gaba ɗaya. Da aka fara raɗe-raɗin manyan kamfanoni za su haɗe don su danne farashin taurari, sai ranar 5 ga Fabrairu 1919 ita da jaruman fim Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da darakta Griffith suka kafa kamfanin United Artists. Tsarin mai sauƙi ne: kowa ya yi fim ɗinsa da kuɗinsa, ya mallaki abinsa, kamfanin kuma aikinsa kai fim silima kawai. Chaplin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa yadda ta ba shi mamaki a tarukan kamfanin, don ta san yaren lauyoyi da na masu hannun jari kamar a ciki ta tashi. Wannan duka ya faru ne kafin tsarin mulkin Amurka ya ba mata damar jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar, abin da bai tabbata ba sai 1920.

To, me take sayarwa haka? Yarinta. Tsawonta bai wuce ƙafa 5 ba, ga gashin nan har gadon baya. A 1917 ta fito a The Poor Little Rich Girl a matsayin 'yar shekara 11. An ƙera kujeru da tebura manya fiye da ƙima, aka zaɓo dogayen 'yan wasa su tsaya kusa da ita, don ta ƙara ƙanƙancewa. Shugabannin kamfanin da suka kalla kafin a sake shi ba su so shi ba sam. Da ya fita, jama'a suka yi masa ruwa. Daga nan sai Rebecca of Sunnybrook Farm, da Daddy-Long-Legs, da Pollyanna. Yawancin labaran nan aminiyarta Frances Marion ce ta rubuta, wadda ita ma ta zama cikin marubutan fim mafi tsada a Hollywood. Masu jin labarin Pickford daga nesa suna zaton wata salihar yarinya ce mai hawaye. Ba haka ba ne. Yarinyar da take fitowa a matsayinta fitinanniya ce, tana dambe da maza a layi, tana jifa da laka, tana yi wa azzalumin babba rashin kunya, kuma kusan kullum talaka ce ko marainiya. Talakawan Amurka da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar waɗanda ba su gama jin Turanci ba sun ga kansu a cikinta.

In kina son ganin iyakar gwanintarta, Stella Maris na 1918 ne. Mutum biyu ta fito. Ɗaya Stella, kyakkyawar yarinya 'yar masu hali da ba ta iya tafiya, an killace ta a ɗaki an ɓoye mata duk wani mugun abu na duniya. Ɗayar Unity Blake, marainiya 'yar aiki da wata mashayiya ta ɗauko daga gidan marayu tana jibga. Don ta zama Unity, Pickford ta shafe gashinta da mai ta kwantar da shi, ta karkatar da kafaɗa ɗaya, ta tsuke baki, ta canza tafiya. Akwai inda Unity ta tsaya gaban madubi tana duban kanta bayan ta ga kyan Stella. Ba kuka, ba rubutu mai yawa a allo, kawai fuska ce tana karɓar gaskiya a hankali. Wanda bai sani ba ba zai ce mace ɗaya ce ba. Kuma ki tuna ba kwamfuta: in za a haɗa su biyun a hoto ɗaya, sai a rufe rabin kyamara a ɗauki ɗaya, a mayar da fim ɗin baya da hannu, a rufe ɗaya rabin a ɗauki ɗayar. In aka kuskure ko kaɗan, aikin yini ya tafi. Ta sake irin wannan a Little Lord Fauntleroy na 1921, inda ta fito a matsayin yaro da kuma uwarsa, tare da mai ɗaukar hotonta Charles Rosher.

Maganar suna kuwa, wanda ya rubuta a ƙasan hoton nan bai yi ƙari da yawa ba. Fim marar magana ba ya buƙatar tafinta, sai dai a canza rubutun allo, don haka ya ratsa ƙasashe cikin sauƙi. Ta rabu da mijinta na farko Owen Moore ta auri Fairbanks a watan Maris 1920, suna fargabar jama'a za su juya musu baya saboda dukansu saki suka yi. Sai ga shi da suka je Landan, cincirindon masoya ya kusa tattake ta, sai da Fairbanks ya ɗora ta a kafaɗa. A 1926 Moscow ta yi musu irin wannan tarba, har 'yan fim ɗin Tarayyar Sobiyet suka yi amfani da hotunan ziyarar suka gina fim ɗin barkwanci a kai. Gidansu na Beverly Hills, Pickfair, ya zama wurin saukar manyan baƙi. Tana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa 'yan fim da suka gajiya a 1921, kuma tana cikin mutum 36 da suka kafa cibiyar da ke ba da Oscar a 1927.

Sai dai abin da ya ɗaukaka ta shi ya zame mata ƙarfen ƙafa. Tana da shekara 30 da 'yan kai, matar aure, mai kamfani, amma 'yan kallo ba sa son ta girma. Ta ɗauko darakta Ernst Lubitsch daga Jamus suka yi Rosita a 1923, ta fito cikakkiyar mace, mawaƙiyar titi a Sifaniya. Masu sharhi sun yaba, ita kuwa ta tsani fim ɗin har ƙarshen rayuwarta. A 1925 ta tambayi masoyanta ta wata mujallar fim wace irin rawa suke son ta taka, amsoshin suka dawo da sunayen ƙananan yara na littattafan tatsuniya. Ta haƙura ta koma, tana da shekara 33 ta fito 'yar shekara 12 a Little Annie Rooney, kuma ya yi kasuwa. A nan nake ganin laifin ba na 'yan kallo ba ne su kaɗai. Ita ce furodusa, kuɗinta ne a ciki, kuma yarinyar nan da ta taso da tsoron yunwa ba ta iya jure faɗuwar fim biyu a jere don ta koya wa jama'a sabuwar fuskarta.

A watan Oktoban 1927 fim ɗin The Jazz Singer ya fito da waƙa da 'yar magana, cikin shekara biyu Hollywood ta juya gaba ɗaya. A watan Maris 1928 uwarta ta rasu, wadda ita ce abokiyar shawararta a komai. Bayan wata uku Pickford ta shiga shagon aski a New York ta sa aka datse gashin nan, labarin ya hau shafin farko na jaridu. Coquette na 1929 shi ne fim ɗinta na farko mai magana, ta fito budurwa mai yaudarar samari da gajeren gashi. Ya kawo kuɗi, ta karɓi Oscar a 1930, ko da yake an yi ta gunaguni saboda ta gayyaci alƙalan gasar shan shayi a gidanta. Bayansa ta yi uku kawai: The Taming of the Shrew tare da Fairbanks, da Kiki, da Secrets a 1933. Na ƙarshen biyun ba su mayar da kuɗinsu ba. Ta ajiye wasa tana da shekara 40.

Dalilan a bayyane suke in aka jera su. Fitowa a matsayin yarinya ba ta yiwuwa kuma, domin abin da fuska da haske za su ɓoye, muryar mace mai shekara 37 ba za ta ɓoye ba. Babbar mace kuwa akwai sabbin taurari irin su Greta Garbo da Joan Crawford da Norma Shearer da suka riga suka kama wurin. Ɗanɗanon jama'a ya canza, ga karayar tattalin arziki da ta fara a ƙarshen 1929. Sannan na'urar sauti ta farko ta ɗaure 'yan wasa: kyamara a cikin akwati don kada a ji ƙararta, makirufo a ɓoye cikin tukunyar fure, kowa ya tsaya kusa da shi kamar an dasa shi. Mace da ƙarfinta ke cikin motsi, an hana ta motsi.

Haka abin yake ga sauran. Akwai waɗanda harshe ya kayar da su da gaske, kamar Vilma Banky 'yar Hungary, ko Emil Jannings da ya koma Jamus, don Turancinsu da nauyi. Amma Garbo ma baƙuwa ce daga Suwidin, ta yi magana a 1930 ta ƙara ɗaukaka. Lillian Gish, wadda Pickford ce ta gabatar da ita ga Griffith a 1912, ta yi ta wasa har 1987. Chaplin ya ƙi yin fim mai cikakkiyar magana har 1940 kuma ba abin da ya same shi. Wasu da yawa kamfanoni ne suka sami dalilin sauke masu tsadar albashi su ɗauko sabbi masu arha daga dandamali.

Sauran rayuwarta ba ta da daɗin ji. Ƙaninta Jack ya rasu a 1933, Lottie a 1936, a wannan shekarar kuma aurenta da Fairbanks ya mutu. Ta auri Buddy Rogers a 1937, abokin wasanta a My Best Girl, suka zauna tare har mutuwarta, suka ɗauki riƙon yara biyu. Ta ci gaba da shirya finafinai jefi-jefi da zama a hukumar United Artists, sai 1956 ta sayar da kasonta a kan dala miliyan 3. Giya, wadda ta addabi mahaifinta da ƙannenta, ita ma ta kama ta. A hankali ta daina fita, har ta kai baƙon da ya zo Pickfair sai dai ya yi magana da ita ta tarho tana ɗakinta a sama. A 1976 aka ba ta Oscar na girmamawa, a gida aka ɗauki hoton miƙa mata. Ta rasu ranar 29 ga Mayu 1979 tana da shekara 87.

Akwai lokacin da ta yi niyyar a ƙone finafinanta bayan ranta, don tana tsoron 'yan baya za su mai da ita abin dariya. Tunda ita ce mai su, ba wanda zai hana ta. An samu aka lallashe ta, ta miƙa da yawa ga babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin binciken da ɗakin karatun ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da Amurka ta yi, kashi 70 cikin 100 sun salwanta. Sinadarin da ake yin fim da shi a lokacin yana ruɓewa, yana kuma kamawa da wuta cikin sauƙi, kamfanoni kuma ba su ga amfanin ajiye abin da ya daina kawo kuɗi ba. Nata sun fi na yawancin takwarorinta tsira saboda a hannunta suke.

In za ki gwada kallo, Malama, da yawansu suna YouTube kyauta. Ki fara da Stella Maris, sai Sparrows na 1926, inda take jagorantar marayu su tsere daga wata gona ta cikin fadama mai kadoji, sannan My Best Girl in kina son soyayya da dariya. Ki nemi kwafin da aka gyara, mai kiɗa da hoto tangaram. In kin ga mutane na gudu-gudu ba dalili ko fuskoki sun yi fari fat, ki rufe ki nemi wani.